Gidan Ruhubanawa na Santa Katarina a Gindin Dutsen Sina'i

A kudancin zirin Sina'i na ƙasar Masar, cikin wani ƙuntataccen kwari da jajayen duwatsu suka yi wa ƙawanya, akwai gidan ruhubanawan Kirista da ake kira Santa Katarina, wanda Larabawa ke ce wa Dair Sant Katrin. An gina shi a tsakiyar ƙarni na 6 na Miladiyya, 'yan shekaru kafin haihuwar Annabi Muhammadu (SAW), kuma har yau ana ibada a cikinsa. Rumawa sun mulki yankin sun wuce, haka Umayyawa da Abbasiyawa da Faɗimiyyawa da Ayyubawa da Mamalik da Turkawan Usmaniyya, amma babu wanda ya rushe shi. Akwai lokutan da tsanani ya sa mazaunansa suka janye na ɗan lokaci, sai dai kullum sukan dawo. Wannan ɗorewa ce ta sa ya zama ma'ajiyar zane-zane da littattafan da takwarorinsu suka daɗe da salwanta a biranen da aka yi su.

Darajar wurin ta girmi ginin. Littafin Fitowa na Attaura ya ba da labarin yadda Annabi Musa (AS) ya ga wuta tana ci a ɗan kurmi ba tare da ta cinye shi ba, da yadda aka ba shi dokoki a kan dutse. Alƙur'ani ma ya ambaci Ɗur Sinin a Suratut Tin, ya kuma ambaci tsarkakakken kwarin Ɗuwa a Suratu Ɗa Ha. Masana sun yi saɓani a kan ainihin inda wannan dutse yake, amma tun ƙarni na 4 Kiristoci suka tsayar da ransu a kan wanda ake kira Jabal Musa a yau, mai tsawon mita 2,285. Masu gudun duniya suka riƙa tarewa a koguna da ƙananan bukkoki a kewayensa. Wata mata mai suna Ejeriya, wadda ta taso daga yammacin Turai don ziyarar wurare masu tsarki, ta iso nan wajen shekarar 383, ta kuma rubuta cewa ta tarar da ruhubanawa da ɗan coci da lambu, aka nuna mata kurmin da ake dangantawa da Annabi Musa.

Zaman waɗannan bayin Allah a tsakiyar hamada bai rasa haɗari ba, domin mahara kan auka musu. Sarkin Rum ta Gabas, Jastiniyan, wanda ya yi mulki daga 527 zuwa 565, shi ne ya ba da umarnin a kewaye wurin da ganuwa, a gina babban coci a ciki. An iya tantance lokacin ginin ne daga rubutun da aka sassaƙa a jikin gumagumai na rufin cocin, waɗanda har yanzu suna nan inda aka ɗora su: rubutun yana yi wa Jastiniyan addu'a a matsayin mai rai, yana kuma ambaton matarsa Tiyodora a matsayin marigayiya. Tun da ita ta rasu a 548, shi kuma a 565, an yi ginin ne tsakanin shekarun biyu. Rubutun ya kuma adana sunan maginin, Istifanus mutumin Aila, garin da ake kira Aƙaba a yau. Ganuwar ta dutse ce mai tauri da aka fasa daga tsaunukan wurin, kaurinta ya haura mita 2 a wurare da dama.

Duk wanda ya san harkar yaƙi zai ga aibin wurin da aka zaɓa, domin gidan yana ƙarƙashin gangare ne, mai jifa daga sama zai iya samun cikinsa. Sa'id ibn Baɗriƙ, shugaban cocin Iskandariyya wanda ya rubuta tarihi da Larabci a ƙarni na 10, ya kawo labarin cewa sarkin ya fusata da wakilinsa saboda haka har ya sa aka kashe shi. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, dalilin zaɓin a fili yake: a nan kurmin yake, a nan kuma ruwa yake. A cikin ganuwar akwai rijiyar da ake kira Rijiyar Musa, wadda al'adar gidan ke cewa a bakinta ne ya taimaki 'yan matan da suka zo shayar da dabbobi.

Marubucin nan kuma shi ya ruwaito cewa Jastiniyan ya turo iyalai daga ƙasar Rum da kuma daga Masar domin su yi wa gidan hidima da gadi. Ƙabilar Jabaliyya da ke zaune a yankin har yau suna danganta asalinsu ga waɗannan mutane. Sun musulunta tun da daɗewa, sun zama Larabawan daji kamar maƙwabtansu, amma ba su rabu da gidan ba. Su ne masu aikin lambu da gini da girki, su ne masu raƙuma da ja-gorar baƙi zuwa kan dutse. Ruhubanawan kuma sun daɗe da al'adar raba musu burodi da ba su magani. Zama ne na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka wanda ba ya rasa saɓani jefi-jefi, amma ya kai shekara dubu da ɗaruruwa, kuma duk bayanin da za a yi kan dalilin da ya sa gidan ya tsira, idan ya tsallake Jabaliyya, bai cika ba.

Wajen shekarar 640 Sina'i ta shiga ƙarƙashin mulkin Musulmi. Gidan yana riƙe da wata takardar alkawari da ake kira Ahdname, wadda al'adarsa ke cewa Annabi Muhammadu (SAW) ne ya bayar, Sayyidina Ali (RA) ya rubuta, tana ba Kiristoci amincin rayukansu da dukiyarsu da wuraren ibadarsu, tana kuma ɗauke wa ruhubanawa haraji. An ce Sarkin Turkawa Salim na Ɗaya ya tafi da ta asalin zuwa Santambul bayan ya ci Masar a 1517, ya bar musu kwafe. Masana tarihi ba su haɗu a kan ingancin wannan takarda ba, kuma kwafe-kwafen da ake da su na baya-bayan nan ne. Abin da babu jayayya a kai shi ne sarakunan Musulmi sun yi aiki da ruhinta. A ma'ajiyar gidan akwai takardun umarni na sarauta fiye da 1,700 cikin Larabci da Turkanci, tun daga na halifofin Faɗimiyya na ƙarni na 12 har zuwa na sarakunan Usmaniyya, akasarinsu suna jaddada kariya da sassaucin haraji, suna kuma gargaɗin gwamnoni da ƙabilu kada su taɓa ruhubanawan.

A tsakiyar gidan, 'yan taku kaɗan daga ƙofar babban coci, akwai masallaci da hasumiyarsa. An mayar da wani tsohon gini ne ya zama masallaci a zamanin halifan Faɗimiyya al-Amir bi Ahkamillah. Mumbarinsa na katako mai sassaƙa yana ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1106, da sunan waziri al-Afdal Shahanshah, kuma yana cikin 'yan mumbarai ƙalilan na zamanin Faɗimiyya da suka rage a duniya. Masallacin ya amfani ma'aikatan gidan Musulmi da matafiya, ya kuma zama wata garkuwa ga gidan kansa.

Da farko an keɓe cocin ne ga Nana Maryamu. Sunan Katarina ya zo daga baya. Labarin da Kiristoci ke bayarwa shi ne, ita budurwa ce mai ilimi a Iskandariyya, wadda aka kashe a farkon ƙarni na 4 saboda ta ƙi barin addininta, sai mala'iku suka ɗauke gawarta suka kai ƙololuwar dutse mafi tsawo a Masar, wanda yanzu ake kira Jabal Katrina, mai tsawon fiye da mita 2,600. Ruhubanawan suka ce sun gano ƙasusuwanta a can suka sauko da su cikin coci. A ƙarni na 11 wani ruhubani na gidan mai suna Saminu ya kai labarinta Faransa, sunanta ya bazu a Turai, masu ziyara da kyaututtuka suka fara kwararowa. Sannu a hankali gidan ya mallaki gonaki da rassa a Alƙahira da tsibiran Karita da Ƙubrus da wasu wurare. Fafaroma na Rum sun rubuta masa takardun kariya duk da cewa gidan na Otodoks ne. Sarakunan Rasha sun aiko da kyautai, ciki har da ƙararrawa tara da ke rataye a hasumiyar da aka gina a 1871. Napoliyon ma da ya mamaye Masar a 1798 ya ba da tasa takardar kariya, mutanensa kuma suka gyara ɓangaren ganuwar arewa da ya zube. Duk da haka tsoro bai gushe ba: an daɗe da toshe babbar ƙofa, sai dai a jawo baƙo da kayansa da igiya zuwa wata taga can sama a jikin ganuwa.

Rayuwar cikin gida ba ta canza sosai ba. Ana tashi tun kafin asuba a shiga ibada ta sa'o'i, ana kiran jama'a da ƙararrawa da kuma wani dogon katako da ake bugawa da guduma. Harshen ibada Girkanci ne, yawancin ruhubanawan ma Girkawa ne. Maƙabartarsu 'yar ƙarama ce saboda ƙasar duk dutse ce, don haka idan gawa ta daɗe sai a tono ƙasusuwan a tara su a wani ɗaki na musamman. Fitaccen malamin da gidan ya fitar shi ne Yohanna Kilimakus, shugabansa a ƙarni na 7, wanda ya rubuta littafin da aka sani da Tsanin Hawa Zuwa ga Allah. Ya kasa tarbiyyar zuciya zuwa matakai 30, ya fara da juya wa duniya baya, ya bi ta biyayya da tuba da tuna mutuwa, ya yi dogon bayani kan yaƙi da fushi da giba da yawan surutu da ƙarya da haɗama da son kuɗi da girman kai, ya ƙare da imani da fata da ƙauna. Wanda ya saba da littattafan zuhudu ba zai ji batutuwan baƙi a kunnensa ba. Har yau ana karanta littafin a gidajen ruhubanawan Otodoks lokacin babban azuminsu.

Babban cocin yana tsaye a kan ginshiƙai 12 na dutse, ƙofarsa ta ciki kuma ta itacen al'ul ce da aka sassaƙa da siffofin tsuntsaye da dabbobi da tsirrai tun zamanin Jastiniyan. A can ƙurya, a saman bagade, akwai zanen da aka harhaɗa da dubban ƙananan gutsattsarin gilashi da duwatsu masu launi, wasu an lulluɓe su da zinariya. Yana nuna abin da Linjila ta ruwaito na sāke kamannin Yesu Almasihu a kan dutse: yana tsaye cikin fararen tufafi, Musa da Iliya a gefensa, almajiransa Bitrus da Yakubu da Yohanna sun zube saboda kwarjini. A sama da wannan an zana Musa sau biyu, yana tuɓe takalmi a gaban kurmi, yana kuma karɓar alluna. Aikin na ƙarni na 6 ne, kuma yana cikin mafi cika da suka rage daga wancan zamani. Da ya fara saki daga jikin bango, ƙwararru daga Italiya sun shafe shekaru tun daga 2005 suna ƙarfafa shi da goge masa hayaƙin fitilu na ɗaruruwan shekaru. A bayan bagaden akwai ɗan ɗakin ibada da aka gina a inda aka ce kurmin ya tsiro, ba a shiga sai an tuɓe takalmi. Kurmin da ake nuna wa baƙi a yau, wani tsiro ne mai ƙaya da yaɗo, yana waje kusa da bangon ɗakin.

Hotunan ibada da aka zana a kan alluna na katako sun haura 2,000, kuma a nan ne gidan ya yi wa kowa zarra. Dalilin yana cikin tarihin Rum ta Gabas. Daga wajen 726 zuwa 787, sannan daga 815 zuwa 843, sarakunan Ƙusɗanɗiniyya sun haramta amfani da hotuna a ibada, suna ganin abin ya yi kama da bautar gumaka. Aka farfasa, aka ƙona, aka shafe. Sina'i kuwa a lokacin tana hannun halifofin Musulunci, umarnin sarkin Rum ba ya isa can. Ta haka tsofaffin allunan gidan suka tsallake rijiya da baya, alhali irinsu a babban birnin daular sun hallaka.

Mafi shahara a cikinsu shi ne hoton Almasihu Mai Iko Duka na ƙarni na 6, wanda tsawonsa ya kai kimanin santimita 84, kuma ana kyautata zaton a Ƙusɗanɗiniyya aka yi shi. An zana shi ne da launin da aka kwaɓa da narkakken kakin zuma, ana shafawa tun yana da zafi, dabarar da masu zanen fuskokin matattu na Fayum a Masar suka yi amfani da ita tun kafin nan. Kakin yana riƙe launi, yana ba fata wani sheƙi kamar ta mai rai. An taɓa yi masa ƙarin fenti a wani zamani, sai da aka goge a 1962 ainihin aikin ya bayyana. Abin da ya fi jan hankalin masu nazari shi ne ɓangarorin fuskar biyu ba su daidaita ba: ɗaya a sake yake cikin natsuwa, ɗaya kuma girarsa a ɗage, idonsa ya fi kaifi. Wasu na fassara wannan da aƙidar Kirista game da ɗabi'u biyu na Almasihu, wasu da rahama da hukunci. Akwai wasu alluna biyu na wannan zamani masu irin wannan daraja, na Bitrus riƙe da mabuɗai, da na Maryamu zaune da ɗanta tsakanin waliyyai biyu. Wasu huɗu kuma wani malamin cocin Rasha, Porfiri Uspenski, ya tafi da su a tsakiyar ƙarni na 19, daga baya aka ajiye su a birnin Kiyef. Daga ƙarni na 12 akwai allon da ke nuna tsanin Yohanna Kilimakus, ruhubanawa suna hawa, baƙaƙen shaiɗanu suna fizgo wasu da igiya da ƙugiya. Daga ƙarni na 13 kuma akwai tarin alluna da suka haɗa salon Girkawa da na Turawan Yamma waɗanda suka zo yankin lokacin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya. Duniyar ilimi ba ta san girman wannan taska sosai ba sai da jami'o'in Mishigan da Firinston da Iskandariyya suka yi aikin ɗaukar hotunanta tsakanin 1956 da 1965.

Ɗakin karatun gidan shi ne ɗaya abin alfaharin. Tsohon tarin ya ƙunshi littattafan rubutun hannu kimanin 3,300, kuma akan ce a fannin tsofaffin littattafan Kirista babu wanda ya fi shi sai na Batikan. Kusan kashi biyu cikin uku na Girkanci ne. Na Larabci ke biye da ɗaruruwa, sai na Suryananci da na harshen Jojiya da na tsohon harshen Silabawa, da 'yan kaɗan cikin harsunan Habasha da Armeniya da Latin da Farisa. Wannan gauraya tana nuna irin mutanen da suka zauna a gidan ko suka ziyarce shi: kowa ya zo da littafinsa, wani ya kwafa a nan, wani ya mutu ya bari. Busasshiyar iskar tsaunuka, a tudun da ya haura mita 1,500, ta hana danshi da ruɓa. Akwai kuma dubban tsofaffin littattafan ɗab'i, ciki har da bugun farko na waƙoƙin Homa da aka yi a Fulorans a 1488.

Littafin da ya fi ɗaukaka sunan ɗakin karatun, mafi yawansa ba ya can yanzu. Shi ne Kundin Sina'i, Littafi Mai Tsarki cikin Girkanci da aka rubuta a kan fata a tsakiyar ƙarni na 4, da manyan baƙaƙe, layi huɗu a tsaye a yawancin shafuka. Shi ne kwafe mafi tsufa da ya ƙunshi Sabon Alkawari cikakke, kuma yana ɗauke da dubban gyare-gyare na marubuta daban-daban, abin da ya sa masu binciken tarihin nassin ba su da kamarsa. A 1844 wani masani Bajamushe, Konstantin Tishendof, ya zo gidan ya tafi da warƙa 43 zuwa Laifzig. Ya ce ya tsince su ne a kwandon da ake shirin kai wa wuta, zancen da ruhubanawan suka ƙaryata, kuma masana da yawa ke shakka a kai, tun da littafin da aka tarar yana da alamun an daɗe ana kula da shi. Ya dawo a 1853 bai samu komai ba sai ɗan guntu. A 1859 ya sake dawowa da goyon bayan Sarkin Rasha, aka nuna masa sauran warƙa 347. Ya karɓe su aro domin a buga, ya sa hannu a takardar alkawarin mayarwa, wadda gidan ke riƙe da ita har yau. Littafin bai dawo ba. A 1869 shugabannin gidan suka sa hannu a takardar kyautar da shi ga Sarkin Rasha, aka ba su rubul 9,000. Sai dai a lokacin gidan yana cikin rikicin naɗin shugaba, yana matuƙar bukatar goyon bayan Rasha, kuma kyautar da mabuƙaci ya yi wa wanda abin ke hannunsa tun shekara goma, da wuya a kira ta kyautar ganin dama. A 1933 gwamnatin Sobiyet ta sayar da shi ga Gidan Tarihi na Birtaniya a kan fam 100,000. Yau littafin a rabe yake gida huɗu: Landan, Laifzig, San Fitasbag, da Sina'i. A 2009 aka haɗa hotunan dukkan sassan a intanet.

Ba duk baƙi ne suka bar irin wannan tabo ba. A 1892 wasu tagwaye mata 'yan Sikotland, Agnes Simit Luwis da Magret Gibson, suka ƙetare hamada a kan raƙuma suka iso gidan. Sun iya Girkancin zamani, abin da ya sa ruhubanawan suka sake da su, Agnes kuma ta koyi Suryananci. A wani ɗan ɗaki mai duhu aka nuna musu wani littafi da shafukansa suka manne da juna. Rubutun sama tarihin waliyyai mata ne, amma a ƙarƙashinsa Agnes ta hango wani dusasshen rubutu. Ashe Linjila huɗu ce cikin tsohuwar fassarar Suryananci, an rubuta ta wajen ƙarshen ƙarni na 4 ko farkon na 5, tana cikin mafi tsufa da aka sani, kuma cikin harshen da ke da dangantaka ta kusa da wanda Annabi Isa (AS) ya yi magana da shi. Suka ɗauki hotuna, suka dawo a 1893 da wasu masana uku daga Kambirij aka kwafe nassin. Littafin kuwa suka bar shi inda suka same shi.

Irin wannan littafi mai rubutu a kan rubutu yana da dalili. Fatar rubutu tana da tsada, littafi babba ɗaya kan ci fatun ɗaruruwan maruƙa da tumaki, a hamada kuma samunta sai an sha wuya. Don haka idan littafi ya tsufa, ko harshensa ya daina samun mai karantawa, sai a kankare shi a yi sabon rubutu, kamar yadda almajiri ke wanke allo ya ɗora wani karatu, sai dai ita fata ba ta sakin tawada gaba ɗaya. An san irin waɗannan fiye da 160 a gidan, kuma adadin ya ƙaru ne saboda wani abu da ya faru a 1975. Bayan wata gobara da ta taɓa ɓangaren ganuwar arewa, ana cikin kwashe ƙasa sai aka faɗa wa wani ɗaki da rufinsa ya rufta tun da daɗewa. A ciki aka sami littattafai fiye da 1,000, yawanci yagaggu, da tarin gutsattsari, har da wasu warƙoƙi na Kundin Sina'i. A cikin wannan tari ne masanin nan ɗan Jojiya, Zaza Aleksidze, ya gano a shekarun 1990 cewa ƙarƙashin rubutun wasu littattafai biyu na Jojiya akwai harshen Albaniyawan Kaukasus, mutanen wata tsohuwar masarautar Kirista a inda Azarbaijan take a yau. Kafin nan abin da aka sani na harshen bai wuce jerin baƙaƙensa da 'yan rubuce-rubuce a jikin duwatsu ba.

Daga 2011 zuwa 2016 wata tawagar masana da masu fasaha ta ɗauki hotunan littattafai 74 na wannan nau'i, shafuka kimanin 6,800. Ana haska kowane shafi da launukan haske iri-iri, har da waɗanda ido ba ya gani, sannan kwamfuta ta tace hotunan ta fito da rubutun da aka kankare. An sami nassoshin likitanci na tsofaffin Girkawa, da waƙoƙi, da rubuce-rubuce cikin wani reshe na harshen Aramiya da Kiristocin Falasɗinu suka yi amfani da shi kafin Larabci ya maye gurbinsa. A 2022 kuma aka sanar da gano wani yanki na lissafin taurari na masanin falaki Hifarkus a ƙarƙashin rubutun wani kundi da asalinsa daga wannan gida yake, ko da yake yanzu mafi yawansa yana Washinton.

Sashen Larabci ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana ba da shaidar wani babi da ba a cika sani ba: yadda Kiristocin Sham da Falasɗinu da Masar suka rungumi Larabci ya zama harshen karatunsu da ibadarsu. Kundi mai lamba 151 ya ƙunshi wasiƙun Bulus da wani malami, Bishr ibn al-Sirri, ya fassara ya yi wa sharhi a Dimashƙa, ya kuma sa kwanan wata da lissafin Musulunci, watan Ramadan na shekarar 253, wato 867. Akwai Linjila da Istifanus mutumin Ramla ya kwafa a 897. Akwai kuma ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da wani Kirista ya yi da Larabci yana bayyana aƙidarsa, inda salon maganarsa ya nuna ya san Alƙur'ani sosai. Ga mai nazarin tarihin rubutun Larabci da yadda harshen yake a bakin jama'a a ƙarni na 9, waɗannan littattafai shaidu ne masu wuyar samu. Haka abin yake ga wasu al'ummu: littafin Jojiya mafi tsufa mai ɗauke da kwanan wata, na shekarar 864, a nan yake, haka wasu daga cikin tsofaffin littattafan Silabawa na ƙarni na 11.

Aikin adanawa ya daɗe ana yinsa. A 1950 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ɗauki hotunan littattafai kusan 1,700 a kan fim. An sabunta ginin ɗakin karatun aka sake buɗe shi a Disamban 2017, an kuma tanadi akwatunan ƙarfe domin littattafan da suka fi rauni. Mai kula da ɗakin, Fada Jastin, haifaffen Amurka, yana jagorantar ɗaukar hotunan zamani tare da haɗin gwiwar Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis, an kuma fara da na Larabci da na Suryananci, waɗanda ake iya dubawa a intanet.

Nisan da ya kare gidan shekaru aru-aru yanzu ya gushe. Tafiyar da a da take cin kwanaki a kan raƙumi daga Suwes ta koma ta sa'o'i a kan kwalta. Motocin masu yawon buɗe ido suna zuwa da dare domin a hau dutsen kafin fitowar rana, wasu ta hanyar raƙuma, wasu ta matakala kimanin 3,750 da ruhubanawa suka jera da duwatsu. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. A Afrilun 2017 'yan bindiga sun kai hari a wani shingen 'yan sanda kusa da gidan, suka kashe ɗan sanda ɗaya. Gwamnatin Masar tana gudanar da wani babban shiri na gina otal-otal da hanyoyi a garin da ke kusa, abin da masu kare kayan tarihi ke nuna damuwa a kai saboda yanayin kwarin da kuma makomar Jabaliyya. A Mayun 2025 wata kotu a Isma'iliyya ta yanke hukuncin cewa filayen da gidan ke kai mallakar ƙasa ne, ruhubanawan kuma suna da haƙƙin amfani da wuraren ibada. Hukuncin ya tayar da ƙura a Girka, fadar shugaban Masar ta fito ta ce ba za a taɓa matsayin gidan ba, ƙasashen biyu suka shiga tattaunawa. A shekarar 2025 ɗin ce kuma Babban Bishop Damiyanos, wanda ya shugabanci gidan tun 1973, ya sauka, aka zaɓi wani mai suna Saminu ya gaje shi. Ruhubanawan da ke zaune a gidan yanzu kimanin 20 ne, kuma a wuyansu nauyin ibadar kullum da karɓar baƙi da kula da alluna da littattafan yake.